Na Ɓoye Fuska, Ƙafa Ta Tona

Kafin ku cika min ƙasan rubutun nan da zagi, ku tsaya ku ji: ban karya doka ko ɗaya ba. Wallahi ko ɗaya. Duk abin da aka koya mana a aji na bi shi daki-daki, kuma bin nasa ne ya jefa ni cikin abin da zan ba ku labari yau.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, ni ce Ikhlas Kashim, 'yar Rijiyar Ɗinya, can bayan Minjibir. Ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin ungozoma a Kano, yanzu kuma an turo ni aikin gwaji wani ƙaramin asibiti a hanyar Ɗanbatta, daga gida nake zuwa kullum. Ina da shafi a fesbuk da tiktok mai suna Awo da Ikhlas, inda nake wa mata bayanin ciki da goyo da Hausar da kowa zai gane. Malamarmu Hajiya Kaltum ce ta sa muka buɗe, ta ce ungozomar zamani wayarta ma kayan aiki ce. Ta kafa mana sharuɗɗa uku, muna biya su kamar karatun allo: ban da fuska, ban da suna, ban da ɗauka sai da izini.

Sai kuma Fatihu. Malamin firamare ne a Dorawar Tudu, ƙauyen da in iska ta juyo har dakan matansu muna ji daga tsakar gidanmu. Shekara biyu ke nan yana zuwa zance, kuma Juma'ar nan kawunnansa za su kawo goro da alewar sa rana. An shafe ɗakin Umma da shuɗin fenti, Baba ya sayo sabuwar leda an shimfiɗa, atamfata ruwan ganye tana wajen tela. Abin da zan faɗa muku ranar Laraba ya faru. Ku ƙirga da kanku.

Amma sai na koma Litinin tukuna.

Ranar Litinin, an kusa tashi daga awo, wata mata ta shigo ita kaɗai cikin zumbulelen hijabi ruwan toka mai jan ƙasa. Babba ce, ta kusa hamsin a idona, mai jiki, irin matan da ko tulu suka ɗora a ciki hijabi zai rufa musu asiri. Na rubuta kati: Huseina, shekara arba'in da shida, ciki wata bakwai, rabonta da haihuwa shekara goma sha huɗu. Wannan ne awonta na farko. Da ta cire silifa sai da na ce innalillahi a zuci. Ƙafafu sun kumbura suntum, na danna yatsa, ramin ya zauna kamar a ƙullin tuwo. Jininta ya hau. Sista Aishatu, mai kula da asibitin, ta ba ta magani da takardar zuwa babban asibiti, ta ce in ma ba ta samu zuwa ba, lallai ta dawo Laraba a sake aunawa.

Ni kuwa, uwar son ilmantarwa, sai na ga darasi. Na ce, "Mama, don Allah in ɗauki hoton ƙafar nan? Ba fuska, ba suna. Mata da yawa za su tsira."

Ta kau da kai gefe, ta ce, "Ɗauki."

Da yamma na ɗora, na rubuta a ƙasa: "Wannan ƙafar wata uwa ce mai ciki wata bakwai. Kumburi irin wannan ba ado ba ne, ba kuma alamar ɗa namiji ba ne. In ya haɗu da ciwon kai, a garzaya asibiti kafin jijjiga ta zo." Har wani daɗi nake ji, na ce wannan ko Hajiya Kaltum ta gani sai ta yaba.

Laraba ba ni da aiki. Ina zaune da hantsi a gindin dalbejiyar tsakar gida, ni da kakata Ya Amsa muna ɓarar gyaɗa, wayata na kan tabarma tana ta ƙugi kamar an kulle ƙuda a gwangwani.

"Ke, ba wa abar nan abinci ta yi shiru," in ji Ya Amsa.

Na ɗauka ina murmushi, a tunanina yabo ne ke shigowa. Sai na fara karantawa.

"Ikon Allah! Wannan ba ƙafar mai man gyaɗar Dorawar Tudu ba ce?"

"Ita ce wallahi, ga ƙunar nan."

"Su Inna an koma yarinta. Jika uku, ga kuma na goyo tafe."

"Malam Fatihu barka, za ka yi ƙani kafin ka yi ɗa."

Na karanta na ƙarshen sau uku. Ban gama fahimta ba saƙonsa ya faɗo a wasaf. Ba sallama, ba "Likitata" da ya saba. Hoton rubutuna ne kawai, sai layi ɗaya a ƙasa:

"Ikhlas, me Innata ta yi miki?"

Gyaɗar da ke cinyata ta watse a ƙasa, kaji suka yo kanta.

Ya Amsa ta miƙo hannu. "Kawo in gani." Matar da ba ta iya zura zare a allura, ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta ɗan runtse ido ɗaya. Ko numfashi biyu ba ta yi ba ta ce, "Huseina ce. Uwar yaron naki."

"Ya Amsa, babu fuska fa!"

"Fuska?" Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ke kallon fuska? Ni da aka kawo ni gidan nan amarya, sai da na shekara ban san kamannin uwar mijina ba, amma ƙafarta ko a cikin taron suna zan nuna miki. Yarinya ta durƙusa gaisuwa, ina idonta yake? Mace ta je sayen mai, mai man na kan kujera 'yar tsugunno, kwalba na ƙasa tsakanin ƙafafunta, me za ta kalla? Ga ƙunar tafasasshen mai nan a bayan ƙafar dama, ga ɗan yatsan da ya hau kan babban. Shekara ashirin matan ƙauye biyar suna kallon ƙafar nan duk ranar suya. Ku 'yan boko kun ɗauka mutum daga wuya yake farawa."

Na ga ƙunar ranar Litinin, jama'a. Na gan ta sarai. Ban ɗauke ta a bakin komai ba, don ba ta cikin sharuɗɗa ukun nan.

Za ku ce ta yaya ban san uwar saurayina ba? To ku gaya min, wace budurwa ce ke zuwa leƙen surukarta kafin aure? Ko a biki aka ce ga dangin Fatihu nan, ni bayan ɗaki nake yi. Sunanta kuwa, a bakin wa zan ji? Fatihu "Inna" yake cewa. Ita ma haka, da yake shi ne ɗanta na fari, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yana ba ni labari yana dariya, wai in tana nemansa sai ta ce wa ƙannensa, "Ku kira min wancan." Shekara ashirin da takwas yana amsa sunan Wancan.

Na goge rubutun nan take. Amma me? An riga an ɗauke shi, yana yawo a zaurukan wasaf, har na matan Islamiyyarmu.

Umma ta fito daga madafa da muciya a hannu, wata maƙwabciya ta riga ta leƙo ta katanga ta shafa mata. "Ikhlas, kin kashe ni. Duk matan duniya ki rasa wadda za ki tallata sai wadda za ta riƙe ki? Ba na ce ki bar harkar wayar nan ba? Karatu aka kai ki ko shela?"

Baba ya shigo daga gona, ƙasa har gwiwa, ko buta bai nema ba. Shi ba ya faɗa, kuma wannan ya fi duka ciwo. Ya tsaya ya ce, "Abu ɗaya za ki yi. Ki ce hoton a waya kika tsinto shi, na wata mata ce a wata ƙasa, kama ce kawai. Sai mu aika a ba su haƙuri a kan surutun mutane. Jibi baƙi za su zo, kada ki sa in rasa inda zan sa fuskata."

Kafin in amsa Fatihu ya kira. Na shige ɗaki na tura ƙofa.

"Malam…"

"Kar ki ce min Malam. Yau yara 'yan aji huɗu ke min barka. Inna hawan jini gare ta, shi ya kai ta asibiti, ita da bakinta ta faɗa. Ke kuma kika samu ƙafar tsohuwa kika liƙa mata ciki don ki tara mabiya. Ko ba haka ba?"

Nan na gane. Bai sani ba. Wallahi bai sani ba. Wata bakwai tana soya ƙuli a gabansu cikin hijabin nan, ba wanda ya sani, sai ƙila Malam Sabo mahaifinsa, shi kuma yana Kudu ya kai shanu. Ni da na sanar da duniya ba da niyya ba, yanzu ba ni da ikon sanar da ɗanta, don sirrin mara lafiya ne. Kun ga abin dariya? Ni ban yi dariya ba.

"Ki yi bidiyo," ya ce, muryarsa ta sauko. "Da fuskarki. Ki ce kuskure ne, ba ciki ba ne. Shi ke nan, Ikhlas, ni zan shawo kan su Kawu. Tun jiya Inna ba ta fito daga ɗaki ba, ko tukunya ba ta ɗora ba, wai kanta ke sarawa."

"Kanta ke me?"

"Ciwon kai. Ba dole ba, da wannan abin kunyar?"

Na kashe na kira Sista Aishatu. Ta ce matar ba ta dawo ba, kuma ta bincika, ba ta je babban asibiti ba. Ta ƙara da cewa, "Ni da ke za mu zauna a kan hoton nan, har makarantarku sai ta ji. Amma yanzu ba wannan ba ne a gabana. In kin san inda take, a fito da ita."

Na zauna a bakin gado ina kallon sabuwar ledar Baba. Lissafin a fili yake. In na ce ba ciki ba ne, surutu zai mutu, goro zai zo Juma'a. Ita kuma Inna za ta samu inda za ta ci gaba da ɓuya, ba mai matsa mata zuwa asibiti, har ranar da jijjiga za ta kayar da ita a bayan labule. Na taɓa ganin jijjiga sau ɗaya a Kano. Ba na fatan in sake.

Na zura dogon hijabina baƙi, na jefa abin awon jini a jaka. A tsakar gida Umma ta tare ni. "Ina za ki?"

"Dorawar Tudu."

"Gidan surukai? Da ƙafarki? Ana saura kwana biyu sa rana? Ikhlas, aljanu ne suka shafe ki?"

Ya Amsa ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ɗauki wata tsohuwar kwalba a gindin randa. "Man gidan nan ya ƙare," ta ce. "Ni zan je saye. Yarinya rakiya za ta yi min, ko an hana jika riƙe wa kakarta kwalba?"

Muka bi burtali tsakanin gonaki. Gero an yanke, dawa na tsaye, ko'ina mutane na cirar gyaɗa. Duk gonar da muka wuce sai an ɗago an bi mu da kallo. A nan ba a ɓuya, gida na kallon gida, gona na jingine da gona. Wata ta ɗaga murya, "Sannu Likita, a ɗauke mu hoto mana!" Aka kwashe da dariya. Ya Amsa ba ta ko waiwaya ba ta ce, "Ƙafarki duk faso ce, waya ba za ta ɗauka ba."

Fatihu na zaure, ya ga mun shigo ya miƙe zumbur. Idonsa ja. "Kin zo yin bidiyon?"

"Na zo gaida Inna."

Tsakar gidan cike da mata, 'yan jaje a baki, 'yan kallo a ido. Murhu a mace, babban kaskon suya a kife. Ƙanwarsa Bilkisu, mai 'ya'ya ukun nan, ta watsa min wani kallo ta tofar da yawu. Ya Amsa ta samu turmi ta zauna ta hau gaishe-gaishe kamar an gayyace ta, ni kuma na yi sallama na ɗaga labule.

Ɗakin da duhu, sai warin man gyaɗa da turaren wuta. Tana kwance a kan gadon ƙarfe, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali. Na durƙusa. Idona na ƙasa, kuma ga ƙafafun nan a gabana, sun fi na Litinin kumbura. A ranar na gane maganar Ya Amsa.

"Inna, ina wuni. Ni ce…"

"Na san ko wace ce. Tun ranar na gane ki."

Na ɗago ban shirya ba. "Kin gane ni? Da takunkumi a fuskata?"

"Hotonki na kan wayar wancan, kullum tana kan tabarma tana haske. Idon nan naki ba ya ɓuya." Ta ja numfashi. "Na tsallake asibitin garinmu, na hau mota har can don kada in haɗu da idon sani, sai na faɗa hannun matar ɗana. Kina taɓa min ciki, ni kuwa ina roƙon ƙasa ta tsage. Da kika ce hoto, ko wuƙa kika ce za ki yanka ni zan ce yanki, in dai za ki sake ni in tafi."

Izini ke nan, jama'a. Izinin da nake taƙama da shi tun farkon rubutun nan. Ga yadda aka ba ni shi.

Na ce, "Inna, ki yafe min. Amma ki ba ni hannunki."

Ta miƙo. Hannun ma ya kumbura, zoben azurfarta ya nutse a yatsa. Na ɗaura, na matsa, na jira. Ɗari da tamanin a kan ɗari da ashirin. Na sake, ko na yi kuskure. Bai sauka ba.

"Kina ganin wani abu a idonki?"

"Wuta-wuta, kamar ƙyallin maƙera."

"Nan fa, ƙarƙashin haƙarƙari?"

"Tun asuba."

Na ce, "Inna, yanzu za mu tafi asibiti. Ba gobe ba, ba anjima ba."

"In fita ta gaban waɗancan? Bilki na goyo, ni ina awo? Wancan na shirin aure, uwarsa na shirin wankan jego?" Ta riƙe min wuyan hannu da ƙarfin da ban zata ba. "Ji nan. Fita ki ce musu ba ciki ba ne, kowa ya watse. In dare ya raba wata rana na haihu a ɗakina kamar yadda na haifi bakwai. In kin yi haka, ke 'yata ce. In kika ƙi, wallahi ba ke ba gidan nan."

Na naɗe abin awon a hankali, don hannuna ya samu abin yi. Sannan na fito.

Fatihu na tsakiyar gida, ya riga ya ɗaga waya ya saita ni. Mata suka yi tsit. "Bismillah," ya ce. "Gajere kawai. Ki ce kuskure ne."

Na dube shi. Mutumin nan ya taɓa taka keke cikin ruwan sama har Minjibir don ya kai min littafin da na manta. Na ce, "Sauke wayar nan, Malam. Ba zan yi ba."

"Ba za ki yi ba?"

"Laifin ɗora hoto nawa ne, zan amsa shi a gaban kowa. Amma ba zan ƙara ƙarya a kai ba. Ka nemo mota yanzu. Jininta ya kai inda in aka jira la'asar, ban san me za a tarar ba."

"Hawan jini ne, tana da magani…"

"Ba irin wanda ka sani ba ne."

Bilkisu ta dafe ƙirji. Wata tsohuwa ta fara salati. Fatihu ya sauke wayar sannu a hankali, yana kallona kamar yau ya fara ganina. "Ikhlas, me kike nufi? Ki faɗa min da baki, ƙarya ne ko…"

"Fatihu."

Daga bayan labule muryar ta fito. Ba da ƙarfi ba, amma ko kazar gidan sai da ta tsaya. Bilkisu ta toshe baki da hannu biyu. Ya Amsa, wadda ban taɓa ganin abu ya ba ta mamaki ba, ta saki kwalbarta ta gangara. Shi kuwa ya juya yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa da wannan muryar ba.

"Fatihu," ta sake cewa. "Bar wahalar da yarinya. Nemo motar."

Ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Motar wani mai ɗaukar buhunan gyaɗa aka samo. Ni da Bilkisu muka riƙo ta, ta ratsa tsakar gidan nan ta gaban kowa, kanta a ɗage, ba ta dubi kowa ba. A bakin mota ta matso da bakinta kusa da kunnena. Na ɗauka godiya ce.

"Maganata tana nan," ta ce. "Na rantse, kuma kin ji."

Muka kwantar da ita a kujerar baya a kan gefen hagu, kanta a cinyar Bilkisu, ƙafafunta a tawa. Na kira Sista Aishatu ta ce mu biyo ta wajenta a yi wa Inna allurar farko kafin mu wuce babban asibiti. Mutane sun yi cincirindo a bakin hanya, yara na leƙe ta taga, kuma na ga inda idanunsu ke sauka. Na jawo gefen hijabina na lulluɓe ƙafafun ruf, har ɗan yatsan.

Wayata ta yi ƙugi a jaka. Tela ne, wai atamfa ta kammala, a zo a karɓa kafin Juma'a.

Fatihu na gaba kusa da direba. Har muka hau kwalta bai waiwayo ba.